FATA MAI BA DA SHAIDA: NA'URAR GANO GIYA A JIKI, TSAKANIN TUBA DA BINCIKEN ASIRIN MUTANE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.



Kwanakin baya wata baiwar Allah mazauniyar Ingila ta turo mini saƙo, kuma ta yarda in yi magana a kai a nan ba tare da na ambaci sunan kowa ba. Ƙaninta ya sha giya, ya yi faɗa da wani a kan titi, aka kai shi kotu. Maimakon a tura shi gidan yari, sai alƙali ya hana shi shan giya na kwana 90, aka ɗaura masa wata na'ura a ƙafa wadda ke gane ko ya sha. Ta ce yau kwanansa 60 bai kurɓa ba, amma ya daina zuwa masallaci don kunyar kada a ga abin a ƙafarsa a cikin sahu. Sai ta ce: "Malam, wannan barin da ya yi, tuba ne ko tsoron na'ura ne? Kuma in aka cire masa, ya halatta in sayo irin ta hannu in sa ya riƙa ɗaurawa, sakamakon yana shigowa wayata?"

Na daɗe ina juya tambayar nan a raina. Amma kafin hukunci, bari mu fara sanin abin da muke magana a kai, domin malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙarsa.

Idan mutum ya sha giya, sinadarin da ke bugarwa, wato itanol, yakan bi ta ciki da hanji ya shiga jini. Hanta ce ke narkar da fiye da kashi 90 cikin 100 nasa. Ragowar yakan fita ta numfashi da fitsari, wani ɗan kaɗan kuma, kimanin kashi 1 cikin 100, yakan fita ta fata a matsayin tururin da ido ba ya gani, ko mutum yana gumi ko ba ya yi. Wannan ɗan kaɗan ɗin shi na'urar ke farauta. A cikinta akwai wani ƙaramin ma'auni wanda idan tururin giya ya taɓa shi sai ya haifar da ɗan lantarki, yawan lantarkin kuma gwargwadon yawan giyar.

Wadda ta fi shahara ita ce SCRAM, da wani kamfani a jihar Kolorado ta Amurka ya fito da ita a 2003. Ana ɗaura ta saman idon sawu, tana shaƙar iskar da ke kan fata duk bayan minti 30, dare da rana, tana aika sakamako ga masu sa ido. Tana kuma auna ɗumin jiki da tazarar da ke tsakaninta da fata, don a gane in mutum ya cusa leda ko ya yi ƙoƙarin cirewa. A yankin Wels an fara ɗaura wa masu laifi irinta da umarnin kotu a Oktoban 2020, a Ingila kuma a Maris 2021, kuma hukuncin ba ya wuce kwana 120.

Daga baya aka shiga ƙera ƙanana. A 2016 cibiyar gwamnatin Amurka mai bincike kan shaye-shayen giya ta ba wata na'ura mai kama da agogon hannu, BACtrack Skyn, kyautar dala dubu 200 a wata gasa da ta shirya. A wannan shekarar dai masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka nuna wata 'yar takarda da ake mannawa a damtse kamar zanen lalle. Tana sakin wani magani da ke sa wurin ya yi gumi, ta auna giyar da ke cikin gumin, ta tura sakamako zuwa waya cikin kimanin minti 15.

Ku riƙe wannan da kyau, don za mu dawo kansa: na'urar ba jini take aunawa ba, ƙiyasi take yi. Giya takan ɗauki awa 1 zuwa 2, wani lokaci fiye, kafin abin da ke cikin jini ya bayyana a fata. Kaurin fata da zafin wuri da yawan gumi duk suna canza sakamako. Wanda ya sha kaɗan zai iya wucewa ba ta kama shi ba. Wanda kuma bai sha ba, turare mai sinadarin giya ko man goge hannu na iya sa ma'aunin ya ɗaga, shi ya sa ake hana masu ɗauke da ita amfani da irin waɗannan. Masu dubawa sukan bambance ta yanayin hawa da sauka: abin da ya zo daga waje yakan hau da sauri ya sauka da sauri, wanda aka sha kuwa a hankali yake hawa ya sauka. Amma dai ƙarshenta ɗan Adam ne ke fassara zanen, kuma ɗan Adam ajizi ne.

Na san abin da ya faɗo wa da yawanku a rai, don ni ma shi ya fara faɗo mini: ayoyi na 20 zuwa 22 na Suratu Fussilat, inda Allah Ya ba da labarin cewa ranar ƙiyama jin mutane da ganinsu da fatunsu za su ba da shaida a kansu, har su juya suna yi wa fatun nasu ƙorafi. Ba na cewa ayar tana nufin wannan na'ura. Ba na son ɗabi'ar nan ta duk abin da Bature ya ƙera sai mu ruga mu liƙa masa aya. Waccan shaida ta lahira magana ce ta gaske da Allah zai sa gaɓoɓi su yi, kuma babu kuskure a cikinta. Abin da kawai na ɗauka shi ne tunatarwa: jikin nan da muke saɓo da shi ba ya riƙe mana sirri ko a nan duniya.

To, mu koma kan tambaya ta farko. Wanda ya bar giya saboda abu na ƙafarsa, ya tuba?

Sharuɗɗan tuba sanannu ne: barin laifin, nadama a kansa, ƙudurta cewa ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi in akwai na wani. Na'ura na iya tilasta na farko. Sauran ba ta da hanyar isa gare su. Mutum zai iya yin kwana 90 fatarsa fes, alhali yana ƙirga kwanaki, ya ma riga ya san shagon da zai fara tsayawa ranar da aka kwance masa. Wannan bai tuba ba, an dai tsare shi ne. Ladan barin saɓo yana rataye da niyya, kuma ya tabbata a hadisi cewa wanda ya yi nufin mummuna sannan ya bari saboda Allah, shi ne ake rubuta wa kyakkyawa.

Amma fa a nan ne wasunmu ke zamewa, su ce tunda ba don Allah ya bari ba, ai aikin banza ne. Wallahi ba banza ba ne. Kwana 60 bai sha ba, kwana 60 kenan ba a rubuta masa zunubin sha ba. Kwana 60 bai daki kowa ba, bai tuƙa mota a buge ba, mahaifiyarsa ta yi barci da ido biyu rufe. Shari'a da kanta ta san cewa ba kowa wa'azi ke tsayarwa ba, shi ya sa aka shar'anta haddi da ta'aziri, kuma an ruwaito daga Sayyidina Usman cewa Allah yakan hana ta hannun mai mulki abin da wasu ba sa hanuwa da shi ta hanyar Alƙur'ani.

Akwai ma alƙaluman da ke nuna amfanin hakan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai. A Amurka, fiye da mutum dubu 13 suka mutu a 2022 a haɗurran da direba ya sha ya wuce ƙa'ida. A jihar Dakota ta Kudu, tun 2005 suka fara wani shiri inda wanda aka kama yana tuƙi a buge sai ya riƙa zuwa yana hura ma'aunin numfashi sau biyu a rana, ko a ɗaura masa na'urar ƙafa, in ya karya doka ya kwana ɗaya ko biyu a tsare nan take. Binciken cibiyar RAND da aka wallafa a 2013 ya gano cewa a ƙananan hukumomin da suka ɗauki shirin, sake kama mutane da tuƙi a buge ya ragu da kashi 12 cikin 100, kamen dukan iyali a gida kuma da kashi 9. Bayan kowane kashi ɗaya a nan akwai matar da ba a fasa wa baki ba. Wanda ya san maƙasudin shari'a na kare rai da hankali ba zai raina wannan ba.

Sannan wa ya ce niyya ba ta canzawa? Mutum nawa ne suka fara sallah don tsoron bulalar malamin allo, yau kuma suna tashi tsakar dare ba wanda ya tashe su? Kan da giya ta bari na wata biyu ya fi kusa da yin tunani a kan kan da take jiƙawa duk ƙarshen mako. Don haka na ce wa 'yar uwar nan: kwana 30 da suka rage jari ne a hannunku, kada ku ɓata su wajen tuhumar niyyarsa. Ni kaina ban san abin da ke zuciyarsa ba, ke ma ba ki sani ba. Na'urar kamar sandar dogarawa ce ga wanda ya karye. Babu mai hankalin da zai ce a jefar da ita tun ƙashi bai haɗe ba, kuma babu mai ɗorin da zai ce a riƙe ta har abada.

Tarihi ma ya nuna iyakar tsaron waje. Amurka ta haramta yin giya da sayar da ita a kundin tsarin mulkinta a 1920, ta zuba 'yan sanda da kuɗi, sai fasa-ƙwauri ya bunƙasa, a 1933 ta janye dokar. A Madina kuwa haramcin ya sauka mataki-mataki: aya ta 219 a Baƙara, sai ta 43 a Nisa'i, sai ta 90 da 91 a Ma'ida. Anas ɗan Malik ya ba da labarin yana shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha sai mai shela ya sanar an haramta, nan take aka zubar, har ta kwarara a lungunan gari. Nana A'isha ta bayyana dalili: an fara gina zukata da ambaton aljanna da wuta kafin a zo kan halal da haram, da an fara da hani da mutane sun ƙi. Mai gadin da ke cikin ƙirji shi ne ba ya buƙatar caji. Na'urar nan itanol kaɗai ta sani. Wanda ita kaɗai yake tsoro, sai ya koma ga abin da ba ta gani, kuma mu da muka ga abin da kodin da tiramol suka yi wa matasanmu mun san cewa ƙofofin maye suna da yawa.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi nauyi a wurina: wa ke da ikon ɗaura wa wani irin wannan abu?

Malaman fiƙihu sun tattauna wani abu mai kama da wannan tun da daɗewa, wato warin giya a bakin mutum. Imam Malik yana ganin in adalai biyu suka shaida sun ji warin abin maye, ana tsayar da haddi. Hujjarsa aikin Sayyidina Umar da ya zo a Muwaɗɗa, akwai kuma abin da Ibn Mas'ud ya yi a garin Hims. Abu Hanifa da Shafi'i kuwa sun ce wari kaɗai ba ya isa, don wataƙila tilasta masa aka yi, ko bai san mene ne ba, ko ya ci wani abu mai irin wannan warin, kuma haddi ana tunkuɗe shi da shubuha. Mu dubi na'ura da wannan ma'auni. Abin da take bayarwa ƙarina ce, wato alama. Turare na iya ruɗa ta. Akwai ma wata cuta da ba kasafai ake samunta ba, inda ƙwayoyin da ke cikin hanji ke mayar da abinci mai sitaci giya a jikin wanda bai taɓa kurɓa ba. Ko da ta yi daidai, ta gaya maka akwai giya a jiki ne kawai, ba ta gaya maka yadda ta shiga ba, da sani ko da kuskure. A fahimtata, irin wannan ya isa a yi tambaya a bincika, bai isa a yanke wa mutum haddi ko a ɓata masa suna ba.

Akwai kuma wani bambanci da ya fi wannan muhimmanci. Wari shi yake zuwa ya sami hanci. Babu inda aka ce Umar ya bi gida-gida yana sansanar bakunan mutane. Hasali ma an ruwaito cewa wani dare yana sintiri da Abdurrahman ɗan Aufu, suka ji hayaniyar masu sha a bayan wata ƙofa a rufe, Abdurrahman ya tunatar da shi cewa Allah Ya hana binciken asirin mutane, sai Umar ya juya ya bar su. Ibn Mas'ud ɗin nan da ya yi hukunci da wari, shi ne kuma aka zo aka ce masa ga wane can gemunsa na ɗigar giya, ya amsa cewa an hana su bin diddigi, amma in abu ya fito fili za su kama mutum da shi. Asalin duk wannan ita ce aya ta 12 a Suratul Hujurat. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 450 bayan hijira, ya ce ko mai hisba ba shi da ikon tono abin da aka ɓoye, sai in akwai ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar a ce wani ya keɓe da wani zai kashe shi.

Ita kuwa na'ura tono take yi, sau 48 a kowace rana, har cikin ɗakin kwana. Saboda haka asalinta hani ne, sai in an sami dalilin da ya fitar da ita. Ni na ga wuri biyu da take fita.

Na farko, wanda laifinsa ya riga ya tabbata a gaban alƙali, kuma shansa ya cutar da wasu, kamar ƙanin 'yar uwar nan. Shi ya fito da abin fili da kansa. Sa masa ido na ƙayyadadden lokaci ya fi masa sauƙi a kan kurkuku, yana aikinsa, yana kwana cikin iyalinsa. Makamancinsa shi ne wanda rayukan jama'a ke hannunsa, kamar direban babbar mota ko matuƙin jirgi, in an gaya masa sharaɗin tun farko ya amince, kuma aka tsaya a kan lokacin aiki. Ko a nan ma akwai abin dubawa. A wurare da dama a Amurka wanda aka ɗaura wa shi ke biyan kuɗin hayarta, dala 10 ko fiye a kullum, ka ga mai kuɗi ya koma gida, talaka ya koma kurkuku, wannan kuwa ba adalci ba ne.

Na biyu, wanda shi da kansa ya nema. Ya san rauninsa, ya ce wa yayarsa ko abokinsa: ku taimake ni, zan ɗaura, ku riƙa gani. Wannan ba leƙen asiri ba ne, mai ɗaki ne ya buɗe ƙofarsa, kuma neman taimako a kan barin saɓo alama ce ta imani mai rai.

Abin da ya fita daga waɗannan biyun ina jin tsoronsa. Uba ya ɗaura wa ɗansa don zato kawai. Miji ko mata su mayar da aure ofishin 'yan sanda. Mai kamfani ya ce duk ma'aikaci sai ya sa, har ranar hutu. Kuma bayanan nan da ake tarawa, wa ke ajiye su, wa za a sayar wa gobe? Abu Dawud ya ruwaito daga Mu'awiya cewa Annabi (SAW) ya yi gargaɗi cewa mai bibiyar aibobin mutane lalata su zai yi, ko ya kusa. Wanda aka nuna wa ba a yarda da shi ba, ƙwarewa yake yi a ɓoyo. Mu da kullum addu'armu ita ce Allah Ya rufa mana asiri, bai kamata mu zama masu gaggawar yaye na wasu ba.

Don haka amsata gare ta ita ce: ranar da wa'adin kotu ya cika, haƙƙinsa na sirri ya dawo. Ki gaya masa akwai irin wannan abu, in ya ce yana so, ki taimaka masa. In ya ƙi, kada ki tilasta, kada ki yi masa wayo. Ki sa ƙarfinki a kan abin da na'ura ba ta iyawa: su wa yake zama da su, ina yake kwana ranar Juma'a da dare, wane baƙin ciki ne yake neman mantawa.

Gargaɗi ɗaya ga duk mai irin wannan a gida. Wanda giya ta riga ta kama jikinsa, wanda hannunsa ke rawa in bai sha ba, yankewa lokaci ɗaya na iya jawo masa farfaɗiya har ma da mutuwa. Shi ya sa dokar Ingila ba ta yarda kotu ta yi wa irin wannan mutum wancan hukunci ba. Shi likita yake buƙata tare da nasiha.

Maganar masallaci kuwa, a gaya masa ya dawo. Na'urar tana saman idon sawu, ba ta hana wanke ƙafa a alwala, sallarsa ingantacciya ce. Mu kuma da za mu tsaya kusa da shi a sahu, mu tuna mutumin nan da Bukhari ya kawo labarinsa, wanda aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. In ka hango abu a ƙafar ɗan uwanka, ka kawar da kai, ka matsa masa wuri. Shi laifinsa yana da na'urar da ke gano shi. Gulma da hassada da cin amanar da muke yi, da za a ƙera musu tasu, mutum nawa ne a cikinmu za su iya ɗage ƙafar wando?

Wallahu a'alam. Allah Ya shiryi zuri'armu, Ya yaye wa waɗanda aka jarrabta, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, musamman likitoci da masana shari'a da ke cikinmu, ƙofa a buɗe take.